Idan Yesu ya biya bashin zunubi, ina hakkin wanda aka zalunta?

Tambaya: "Baba, barka da aiki. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai. Wani mutum ya ci amanar mahaifinmu, ya handame dukiyar da suka tara tare, har mahaifinmu ya rasu da baƙin cikin abin. Yanzu mutumin ya ce ya tuba, yana zuwa sujada, ana ta cewa jinin Yesu ya wanke shi. Ko allura bai mayar mana ba. Na tashi ina jin cewa ta wurin alheri aka cece mu, amma yanzu abin ya soma yi mini kama da zalunci. In Allah mai jinƙai ne, me ya hana shi yafewa kawai ba tare da an zubar da jini ba? In kuma mai adalci ne, ta yaya marar laifi zai mutu a madadin mai laifi a kira wannan adalci? Mu kuma da aka cuta, ina namu hakkin?"

'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke da dukan gidanku. Na karanta saƙonki a tsanake, na ga tambayoyi uku kika ƙulla wuri guda: me ya sa Allah bai yafe kawai ba, yaya mutuwar marar laifi za ta zama adalci, sannan mece ce makomar hakkinku. Na san ta ukun ce ta fi ƙona miki zuciya, amma ba zan iya amsa ta da gaskiya ba sai na bi ta kan biyun farko. Kafin nan, ki cire tsoron cewa wannan tambaya alamar raunin bangaskiya ce. Littafi Mai Tsarki da kansa ya riga ki yin ta.

Dubi Fitowa 34:6-7, inda Allah ya yi shelar sunansa a gaban Musa. Ya ce shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi, mai gafarta mugunta da laifi da zunubi. Bai rufe baki ba ya ƙara da cewa ba zai ƙyale mai laifi ya tafi ba hukunci ba. Ayar ba ta tsaya daidaita maganganun biyu ba, ta ajiye su tare ta wuce. Karin Magana 17:15 ta ƙara ɗaure zancen: wanda ya wanke mugu da wanda ya hukunta adali, dukansu abin ƙyama ne ga Ubangiji. Sai ga Bulus a Romawa 4:5 yana cewa Allah yana baratar da marar tsoron Allah, wato yana lasafta shi mai adalci, ga Bitrus kuma yana cewa adali ya sha wuya domin marasa adalci (1 Bitrus 3:18). A ganin ido, abubuwa biyun da Karin Magana ta ƙi su ne bishara take shela. Mai koyarwar da bai taɓa jin nauyin wannan ba, bai kai ga zuciyar batun ba tukuna.

Me ya hana Allah yafewa kawai?

Ki lura, tambayarki ta uku ita ce ta soma amsa ta farko. Abin da ke damunki shi ne a mai da abin da aka yi wa mahaifinki ba komai ba. To, da gafarar Allah ita ce ya kau da kai ya ce ba komai, da ke ce farkon wadda za a zalunta. Abin da Nassi yake kira fushin Allah ya bambanta da zafin ranmu na wanda aka taka. Ƙin yardarsa ne, tabbatacce, da a ci amana, a danne marayu, a zubar da jini, sannan a binne maganar kamar ba a yi ba. Allahn da bai damu da abin da aka yi wa mahaifinki ba, ba za a ce yana ƙaunar mahaifinki ba.

Ki tuna da Dawuda a 2 Sama'ila sura 11 da 12. Sarki ya ɗauki matar Uriya, sojansa mai aminci, sannan ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙa cewa a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya da hannunsa ya kai wasiƙar da ta kashe shi. Da annabi Natan ya tsare sarki, Dawuda ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, nan take Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Alhali shari'ar Musa ta yanke kisa a kan zina da kisankai duka. Mukan karanta wurin nan mu ji sanyi, domin muna sa kanmu a matsayin Dawuda. Ki karanta shi a matsayin ƙanwar Uriya, za ki ji daidai abin da kike ji yau.

Wannan ita ce matsalar da Bulus yake warwarewa a Romawa 3:25-26. Ya ce Allah ya gabatar da Yesu Almasihu hadayar kafara domin ya nuna adalcinsa, da yake cikin haƙurinsa ya ɗaga wa zunuban da aka yi a dā. Wato abin da yake neman bayani a wurin Bulus shi ne gafarar da aka yi wa Dawuda da irinsa. Da wane hakki Alƙalin dukan duniya ya sallame su? Amsarsa ita ce gicciye, domin Allah ya kasance mai adalci, ya kuma baratar da mai ba da gaskiya ga Yesu.

Akwai kuma abin da kowa ya sani daga zaman duniya. Idan kin ranta wa mutum kuɗi ya cinye, kika ce kin yafe, bashin bai bi iska ba. Ke kika biya shi, domin asarar ta dawo kanki. Babu yafewar da ba ta da mai ɗaukar asara. Yesu ya nuna haka a misalin Matiyu 18:23-35, inda sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000. Talanti ɗaya yakan kai dinari wajen 6,000, dinari kuwa ladan aikin yini ne, kin ga bashin ya kai ladan yini miliyan 60. Bawan ya fita ba a binsa komai, amma taskar sarki ta ragu da wannan adadi. Wani malami mai suna Faustus Sosinus, mutumin Italiya da ya rasu a ƙasar Foland a 1604, ya yi suna da wata suka mai ƙarfi. Ya ce bashin da aka biya ba a yafe shi ba, wanda aka yafe kuma ba a biya shi ba, don haka ba za a ce Allah ya yi duka biyun ba. Maganarsa daidai ce muddin mai biya daban, mai bin bashi daban. Idan mai bin bashin ne da kansa ya ɗauki asarar, biya da yafewa sun zama aiki ɗaya.

Ko Allah yana da wata hanya dabam da zai iya bi? A nan manyan malamai sun rabu. Anselm na Kantabari, a rubutun da ya kammala a 1098 a kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum, ya ce babu makawa sai an biya. Agustin da Toma Akwinas sun ce ikon Allah bai rasa wasu hanyoyi ba, amma babu wadda ta fi wannan dacewa da warkar da mu. Ni ba na zafafawa a kan wannan, domin Nassi ya fi ba mu labarin abin da Allah ya yi a kan abin da zai iya yi. Abin da nake riƙe da shi shi ne addu'ar Getsamani. A daren da aka kama shi, Yesu ya roƙa in mai yiwuwa ne a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a kuwa ɗauke ba.

Jinin hadaya

Maganar jini takan sa mutane su zaci Allah na Littafi Mai Tsarki kamar gumakan al'ummai yake, waɗanda ake lallashi da yanka. Ki karanta Littafin Firistoci sura 16 a hankali. Sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai, babban firist yakan tuɓe kayan adonsa, ya yi wanka, ya sa tufafin lilin. Yakan fara yanka bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa. Yakan shiga bayan labule da garwashi da turare, har hayaƙi ya rufe murfin akwatin alkawari, don kada ya mutu. Akwai bunsuru biyu da aka jefa wa kuri'a. Ɗaya a yanka, a yayyafa jininsa a bisa murfin da gabansa. Ɗayan kuma firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta dukan laifofin jama'a, a kora shi jeji da rai, ya tafi da su inda babu kowa. Jama'a suna tsaye suna kallon abu biyu: zunubi yana cin rai, kuma ana iya ɗauke shi daga kan mutum.

Abin lura yana sura 17 aya 11. Allah ya ce rai yana cikin jini, shi ne kuma ya ba su shi a bisa bagade domin kafara. Mai bayarwar Allah ne. Tun a Farawa 22 Ibrahim ya gaya wa ɗansa cewa Allah da kansa zai tanadi ɗan rago. Hadayar ba cin hanci ba ce da mutum yake miƙa wa Allah don ya huce. Duk da haka, marubucin Ibraniyawa ya faɗa ƙarara cewa jinin bijimai da awaki ba ya iya kawar da zunubi (10:4). Da yana iyawa, da ba a maimaita shi kowace shekara ba. Dabba ba ta san abin da ake yi da ita ba, ba ta kuma yarda ba.

Marar laifi a madadin mai laifi

A nan zan fara da ba ki gaskiya. Idan alƙali ya kama wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, ya hukunta shi ya saki ɓarawo, ya yi zalunci biyu. Nassi ma ya hana. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta ce ba za a kashe iyaye saboda 'ya'ya ba, ko 'ya'ya saboda iyaye. Ezekiyel 18:20 ya ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Har Musa, bayan zunubin ɗan maraƙin zinariya, ya roƙi Allah ya gafarta wa jama'a, in ba haka ba a shafe sunansa daga littafi, Allah ya amsa masa cewa wanda ya yi zunubin shi zai shafe (Fitowa 32:32-33). Shi ya sa nake hana ɗalibaina wa'azin da ke zana Uba mai zafin rai yana neman wanda zai huce a kansa, sai Ɗa mai taushin zuciya ya shiga tsakani. Wannan hoto ya raunata bangaskiyar mutane da yawa, musamman waɗanda suka tashi a hannun uba mai duka, kuma ba shi ne koyarwar manzanni ba.

Abu na farko da ya raba gicciye da wancan zalunci shi ne wanda yake rataye a kansa. Bulus ya ce Allah ne cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa (2 Korintiyawa 5:19). Abin da ikkilisiya ta tabbatar a taron Nisiya a 325, da na Kalsidon a 451, cewa Yesu Allah ne na gaskiya kuma mutum na gaskiya, shi ne ginshiƙin wannan magana. Idan Yesu halitta ne kawai, ko annabi nagari da aka zaɓa a ɗora wa laifin wasu, to ƙararki ta tsaya, ba ni da amsa. Amma idan wanda aka yi wa laifin ne da kansa ya sauko ya ɗauki hukuncin, babu wani na uku da aka cuta. Ƙaunar Uba kuma ta riga gicciye. Yahaya 3:16 da Romawa 5:8 duka sun sa ƙauna a gaba, mutuwar Ɗan ta biyo baya.

Na biyu, da yardarsa ya yi. Ya ce ba mai karɓe ransa daga gare shi, shi yake ba da shi don kansa, yana kuma da ikon ɗauko shi (Yahaya 10:18). Ƙarshen ayar nan yana da muhimmanci. Wanda ya tsaya a madadinmu bai hallaka ba, an tashe shi a rana ta uku, Bulus kuma ya ɗaura baratarwarmu a kan wannan tashi (Romawa 4:25).

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, ni kuwa shi na fi dogara a kai. Yesu ba baƙo ba ne da ya zo wucewa. Ya ɗauki nama da jini irin namu, ya shiga layin masu zunubi a Kogin Urdun aka yi masa baftisma, ya zama shugaban sabuwar zuriya kamar yadda Adamu ya zama na tsohuwa (Romawa 5:12-21). Mai ba da gaskiya kuma an haɗa shi da Almasihu, har Bulus yake cewa an gicciye shi tare da Almasihu (Galatiyawa 2:20). Saboda haka mai laifin bai tsere yana dariya ba. Tsohon mutumin an yanke masa hukunci, ya mutu cikin Almasihu, wanda ya tashi sabon mutum ne. Duk wanda ya ce Yesu ya mutu dominsa amma tsohon halinsa yana nan daram, ya karɓi rabin magana ya yar da rabi.

Ikkilisiya ba ta taɓa taƙaita gicciye a bayani ɗaya ba. Malaman ƙarnukan farko sun fi maganar nasara a kan mutuwa da Iblis, bisa ga Kolosiyawa 2:15 da Ibraniyawa 2:14. Wasunsu sun zarce har suka ce Iblis aka biya fansar, Girigori na Naziyanzus kuwa ya ƙi wannan ƙememe, na kuma ga gaskiyarsa. Atanasiyus na Iskandariya, wanda ya rasu a 373, ya jaddada cewa Kalman Allah, wato Yesu, ya ɗauki jikinmu mai ruɓewa domin ya warkar da shi, ikkilisiyoyin Otodoks na Gabas kuma har yau nan suka fi sa nauyi. Bitrus Abelad, a ƙarni na 12, ya ce gicciye yana nuna ƙaunar da ke narkar da zuciya ta juyo ga Allah. Martin Luta da Yahaya Kalbin, a ƙarni na 16, suka ƙarfafa cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancance mu, suna kafa hujja da Ishaya 53 da Galatiyawa 3:13. Kowannensu yana da ayoyinsa. A ganina bayanin Abelad gaskiya ne amma ba ya iya tsayawa shi kaɗai, domin mutuwa ba ta nuna ƙauna sai in ta kuɓutar da wani daga wani abu.

Akwai iyakar da nake tsayawa. Bashin kuɗi ana iya biya wa wani, amma babu kotun mutane da take barin wani ya yi zaman kurkuku a madadin mai kisankai, kuma daidai ne da ba ta bari. Misalin bashi yana kai mu bakin ƙofa ne kawai. Yadda laifin mutum yake zama na Almasihu, adalcin Almasihu kuma ya zama na mutum, ya rataya ne a kan haɗuwar nan da shi, wadda Bulus kansa ya kira asiri mai girma. Na yi shekaru ina koyar da ita, ina ba da gaskiya gare ta da dukan zuciyata, amma ban kai ƙarshen zurfinta ba.

Alheri kyauta ne, amma yana canja mutum

Tun farkon ƙarni na 5 aka yi wannan gardama. Wani malami mai suna Filajiyus ya ji tsoron cewa yawan maganar alheri zai sa mutane sakaci, sai ya koyar cewa mutum yana da ikon kiyaye dokar Allah da nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ce ko nufin tuba ma kyauta ce daga Allah. Taron Kartaj na 418 ya ƙi koyarwar Filajiyus. Bayan 1517, shekarar da Luta ya soma neman gyaran ikkilisiya, gardamar ta sake tashi da wata fuska tsakanin Furotesta da Katolika, taron Trent na Katolika ya fitar da matsayinsa a kan baratarwa a 1547. Sai ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya, cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu, yana kuma ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake sabunta zuciya ya kira mu ga kyawawan ayyuka. Akwai sauran bambance-bambance, amma ki lura da abin da ba ɓangaren da ya taɓa koyarwa: cewa mutum zai karɓi alheri ya ci gaba da riƙe abin da ya ƙwace.

Afisawa 2:8-9 da kika tashi kina ji tana da aya ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Bulus ya tambaya ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da a'a mai ƙarfi (Romawa 6:1-2). Ditrik Bonhofa, faston Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945, ya kira wa'azin gafara ba tare da tuba ba alheri mai araha. Gafara kuma ba ta share sakamako a duniya. Ɓarawon da ya tuba a gicciye ya amsa cewa sakamakon aikinsu suke karɓa, Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi, amma ba a sauke shi daga gungumen ba. Dawuda an gafarta masa, takobi kuwa bai rabu da gidansa ba.

Hakkinku

Yanzu ga taki maganar. Littafin Firistoci 6:1-7 kamar domin ku aka rubuta shi. Ya ce wanda ya yaudari maƙwabcinsa a kan ajiya, ko jingina, ko ƙwace, zai mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, ya kuma kawo rago domin hadayar laifi. Mayarwa da hadaya tare suke tafiya. Littafin Ƙidaya 5:6-8 ya nuna cewa in mai hakkin ba ya nan, danginsa ake ba, sai in babu dangi ne abin zai koma ga Ubangiji ta hannun firist. Rasuwar mahaifinki ba ta kashe bashin ba. Sabon Alkawari bai sassauta wannan ba. Yesu ya ce in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Zakka, mai karɓar haraji, ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu, a nan Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Ba kuɗin ne suka sayi ceton ba, su ne shaidar ya iso. Agustin ma ya rubuta cewa ba a gafarta zunubin sai an mayar da abin da aka ƙwace, matuƙar akwai halin mayarwa.

Na taɓa zama da wani dattijo da ya zo da takarda a ninke cikin aljihu. Ya buɗe ta hannunsa yana rawa, sunayen mutanen da ya cuta ne lokacin da yake riƙe da kuɗin jama'a, kowane suna da adadinsa a gaba. Wasu sun rasu, ya rubuta sunayen 'ya'yansu a gefe. Ba wanda ya tona shi, shi ya kawo kansa. Abin da yake da shi bai kai ba, ya sayar da wani abu, sauran ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wani ya karɓa da hawaye, wani ya zage shi ya kore shi, ya koma kuma. Bai taɓa ce mini yana saye gafarar Allah ba. Cewa ya yi tun da aka yafe masa babban, ƙaramin ya hana shi barci. Na kuma zauna da waɗanda da an ambaci mayarwa sai fuska ta canja, su ce ai jinin Yesu ya share komai. Irin wannan tuban muzuru ne, kuma ɗaukar sunan Ubangiji a banza ne.

Ban san zuciyar mutumin da kike magana a kai ba, daga bakinki kaɗai na ji labarin, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Mai yiwuwa bai da hali yanzu, mai yiwuwa ba wanda ya taɓa koya masa abin da na rubuta a sama. Amma in yana da hali ya ƙi, waɗanda suke ce masa an wanke shi suna cutarsa, suna cutar ku. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ki rarrabe abu uku da ake yawan cakuɗawa. Gafara ita ce ki saki ramuwa, ki miƙa shari'ar ga Allah wanda ya ce ramako nasa ne (Romawa 12:19). Wannan Ubangiji yana nema a gare ki, ko mutumin ya tuba ko bai tuba ba, kuma takan ɗauki lokaci. Sulhu yana bukatar mutum biyu da gaskiya a tsakani. Amana kuwa sai an sake gina ta. Yafewa ba ta hana neman hakki. A watan Yuni 2015 wani saurayi ya harbe mutum tara a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki a birnin Calston na Amurka. Bayan kwana biyu wasu daga cikin dangin mamatan suka ce masa a gaban kotu sun gafarta masa, shari'a kuma ta ci gaba har aka yanke masa hukunci. Ba su ga saɓani tsakanin biyun ba, Romawa 13:4 ma, wadda ta ce mai mulki bawan Allah ne mai hukunta mai mugunta, ba ta gani ba.

Akwai magana mai ɗaci da ba zan ɓoye miki ba. Idan mutumin nan ya tuba da gaske, ya mayar da abin da zai iya, to ɗan'uwanki ne cikin Almasihu, teburin Ubangiji ɗaya za ku ci. Shawulu, wanda daga baya aka sani da Bulus, ya tsaya yana gadin rigunan masu jifan Istifanas, yana goyon bayan kisan, daga baya ikkilisiyar da ta binne Istifanas ta karɓe shi. Alherin da ya ishe shi shi ne kaɗai ya ishe ni da ke, gama duka mun yi zunubi mun kasa kai ga ɗaukakar Allah. Wannan bai mai da laifinsa daidai da naki a kan mahaifinki ba, amma ƙofa ɗaya muke shiga.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ku bi matakan Matiyu 18:15-17. Ku tattara duk shaidar da kuke da ita, takardu da mutanen da suka san yadda aka yi. Babba a cikinku ya same shi shi kaɗai, ya faɗa masa abin da ake binsa ba tare da zagi ba. In bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu masu mutunci. In ya ƙi, a kai wa dattawan ikkilisiya, a nuna musu Firistoci 6 da Ƙidaya 5, a roƙe su su yi aikinsu. Bulus ya fi so masu bi su warware irin wannan a tsakaninsu (1 Korintiyawa 6), shi ya sa nake cewa ku fara ta nan. Idan aka bi matakan duka ya toshe kunne, a fahimtata ba ku yi zunubi ba in kun nemi lauya ya duba muku abin da dokar ƙasarku ta tanada.